Launin kabad ɗin kicin Inna, daga Burusel zuwa unguwar Zariya

"Assalamu alaikum Yaya Hajiya. Ni ɗan Maraɗi ne, shekarata tara a Beljiyam, ina tuƙin motar kaya a Burusel. Ina gyara gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi, inda Inna take zaune da ƙanena da matarsa. An gama rufi da bayi, saura kicin. Na tura Yuro 1,500 don kabad. A wani kanti nan na ga kicin fari fat mai ƙyalli, da wani shuɗi mai duhu kamar baƙi, duka biyun sun shiga raina. Ba na son abin da bayan shekara uku za a ce yayinsa ya wuce. Na tambayi Inna, ta ce duk wanda na zaɓa Allah ya yi albarka. Kafinta yana jiran amsa, kuma yana so a ba shi kuɗin gaba ɗaya. Gidan na marigayi Baba ne, mu bakwai ne, ba a raba ba. Wane launi zan ce a yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba, ya saka maka da alheri kan abin da kake yi wa Inna.

Duka biyun da suka shiga ranka, ka bar su a kantin da ka gan su. Ba don ba su da kyau ba. An yi su ne don garin da tagoginsa ke rufe wata shida, rana kuma sai ta ga dama take leƙowa. Kai kuwa kicin ɗinka a Maraɗi yake, inda daga Nuwamba har Fabrairu ƙura ke shiga ko ta kafar makulli, a Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, a Agusta kuma katako ya sha danshi har murfi ya ƙi rufuwa.

Ni na riga ka faɗawa ramin nan. Lokacin da nake Liyon ta Faransa na sa aka yi mini kabad baƙi wuluk mai sheƙi a gidana na unguwar Ali Ɗan Sofo a Maraɗi. A hoton da aka turo mini kamar otal. Na sauka cikin Janairu, na shiga kicin da safe, na sa yatsa na rubuta sunana a jikin murfin, ya fito raɗau kamar a allo. Yarinyar gida ta rantse mini da asuba ta goge. Kuma gaskiya ta faɗa. Ƙurar hunturu fara-fara ce, kan baƙi ba ta da wurin ɓuya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gogewar ma ɓarna take: ƙurar tana da yashi-yashi, duk lokacin da aka bi ta da busasshen tsumma sai ta bar zane siriri, kafin shekara ta zagayo sheƙin ya dusashe a daidai inda hannu ke yawan kaiwa. Shuɗin nan naka mai duhu ɗan'uwan baƙina ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Farin kuma tasa matsalar daban. Yana ɓoye ƙura fiye da baƙi, amma ka tuna abin da ake dafawa a gidanku. Manja ya fantsama, tattasai ya taɓa, a soya ƙosai da man gyaɗa tururinsa ya hau sama ya zauna, yaro ya zo da hannun miya ya buɗe durowa. In kuma fentin mai aka yi amfani da shi, ko ba a taɓa shi ba da kansa yake komawa ruwan ɗorawa, ya fi yin haka a wurin da haske bai isa ba. Fentin ruwa na akirilik bai cika wannan hali ba. To fari fat ranar da ya fara juyawa kowa zai gani, don ido ya san yadda yake da farko.

Launin da ke daɗewa a garinmu shi ne wanda tun asali yake kusa da launin abin da zai ɓata shi. Ruwan madara. Ruwan kunun gyaɗa. Ruwan toka mai haske wanda ya ɗan karkata wajen ƙasa-ƙasa, ba mai sanyi irin na siminti ba. Sai launin katako tsaka-tsaki, kamar ruwan zuma, mai zane-zanen icce a jiki, wanda ya fi kowanne iya haɗiye tabo. Da nawa ne, na sama zan yi ruwan madara don ɗakin ya yi haske ko an ɗauke kuran, na ƙasa kuma ruwan zuma, don can ne ƙafa ke bugu, tsintsiya ke tayar da ƙura, jikoki ke jingina. Kada ya yi ƙyalli kamar madubi, kada kuma ya zama busasshe ƙirin mai shan mai. A nemi mai ɗan santsi, wanda jiƙaƙƙen tsumma da sabulu ke wucewa a kansa sau ɗaya.

Na san za ka ce wannan ai ba armashi, ka yi shekara tara kana tuƙi cikin sanyi don ka yi wa Inna kicin ruwan kunu. Ka tuna ɗakin kakarka. Bangon ƙasa ne, ba wani launi, amma kana ɗaga labule sai ido ya cika, don jeren langa da tasoshi da fanteka ne ke magana. Har gobe haka gidajenmu suke. Kulolin da matar ƙanenka ta zo da su, da kwanukan Inna, da filas, da bokitai ja da kore, su za su kawo launi, kuma su ne ake sauyawa in yayi ya wuce. Kabad bango ne a bayansu. In shuɗin nan ya hana ka barci, ka sa shi a labule ko a fentin bango guda, abin da gwangwani ɗaya da yini ɗaya ke sauyawa.

Akwai wani dalili kuma da 'yan ci-rani ba mu cika tunawa ba. Kaya da yawa na kasuwar Maraɗi daga Kano suke shigowa, ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. Mun ga an rufe iyakar nan a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, an sake rufewa a 2023 sai Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ko iyaka a buɗe take, launin yayi zuwa ɗaya yake, in ya ƙare sai wani sabo. Ranar da murfi guda ya kumbura ko ya karye, mai ruwan madara zai samu irinsa a gari. Mai shuɗin Burusel sai dai ya yi faci da abin da ya samu. Don haka ko wanne aka zaɓa, a sayi falle ɗaya na katakon a ajiye, in fenti ne a bar rabin gwangwani a rufe da kyau.

Kada ka zaɓi launi ta WhatsApp. Wayarka da ta ƙanenka da ta kafinta, kowace da irin hasken da take nunawa, ruwan madara a wannan ya zama fari, a waccan ya zama ruwan ƙwai. Kantunan fenti na wajenku suna aiki da lambobin RAL, tsarin ba kowane launi lambarsa da aka fara a Jamus tun 1927: 9001 shi ne ruwan madara, 1013 fari mai ɗan duhu, 1015 ruwan hauren giwa mai haske, 7044 tokan da nake nufi. Lambar za ta taimake ka ka san abin da kake so, amma kada ka ɗauka kana faɗa wa kafinta lamba magana ta ƙare. Shi abin da ke jingine a shagon mai katako yake gani. Ka karɓi 'yar takardar launin a kanti, ka ba wani mai zuwa gida ya kai hannu da hannu, a je da ita shago a kara.

Daga nan sai gwaji, kuma a nan nake so ka yi haƙuri ko kafinta na ƙorafi. Ya yanko guntaye uku, kowane kamar faɗin faranti, daga launuka ukun da suka fi kusa. A jingina su cikin kicin ɗin, a ƙasa, jikin karon da aka shimfiɗa. In ba a sa karo ba tukuna, a fara zaɓar shi da dutsen saman kabad, don su ne ba a ɓamɓarewa cikin sauƙi, kabad ya bi bayansu. A bar guntayen kwana bakwai ba mai gogewa. A shafa wa kowane ɗan manja da yatsa, a bar shi ya kwana, da safe a wanke a ga wanda ya riƙe. A dube su da hantsi, a duba da la'asar, a duba da dare ƙarƙashin ƙwan da zai zauna a ɗakin. Ƙwan ma a kula da lambar launin haskensa da ke jikin kwalinsa: mai lamba 6500 farin haske ne tas, yana mayar da ruwan madara kamar toka, mai 3000 kuma yana ja wajen rawaya. Na 4000 ya fi yi wa launukan nan adalci.

Amma launi ba ya tsayawa a kan ruɓaɓɓen abu. Katakon garin icce da ake matsewa, wanda ake kira MDF, in ruwa ya shiga gefensa kumbura yake kamar burodi, ba ya komawa. A gidajenmu kuwa wankin ƙasa da bokiti ake yi. Ka ce a gina gindin kabad da bulo da siminti, a ɗaga shi kamar santimita 10, a bi shi da karo. Ƙarƙashin famfon wanke-wanke a yi alminiyam, ko aƙalla katako mai falle-falle. Kusa da murhun gas kada a sa murfi mai ledar da aka manna, zafi na ɗaye ta daga gefe. A zuba maganin gara kafin a kafa komai. Ƙarfen da ke riƙe murfi a sayi mai kyau ko ya fi tsada, shi ne ke fara mutuwa.

Yanzu maganar Inna. "Duk wanda ka zaɓa" ba amsa ba ce, kawaici ne. Uwa ba za ta tsaya tana zaɓe a kan kuɗin gumin ɗanta ba, balle in kai ne na fari. Ina kuma kyautata zaton tuwonta da damun hurarta a tsakar gida za ta ci gaba da yi, kan murhun icce, ko ka kawo mata kicin na zinariya. Wadda za ta yini a ciki matar ƙanenka ce, ita ma ba za ta buɗe baki gaban wan mijinta ba. Ka sa 'yar'uwarka mace ta je gidan cikin kwanakin gwajin, su zauna su uku da guntayen nan, kai ba ka kan waya. Abin da ta dawo maka da shi, shi ne zaɓin. Ta tambaya har da tsawo, don na sha ganin kabad ɗin sama da sai an taka kujera, tsohuwa kuwa ba za ta taka ba.

Kuɗin da ka tura, a canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 kan Yuro ɗaya, ya kama sefa dubu 983 da 'yan kai, wato miliyan ɗaya ba jikka goma sha shida, kafin a cire ladan aike. Ba kuɗin da za a damƙa wa mutum a dunƙule ba ne, ko da ɗan unguwa ne kuna sallah sahu ɗaya. A kasa uku: na sayen kaya, kuma ƙanenka ya bi shi shago a karɓo rasit, na biyu in an kafa gangar jikin, na ƙarshe sai an rataya murafe, an buɗe an rufe kowane a gaban mutanen gida. A rubuta a takarda irin katakon, da kaurinsa, da launin, da ranar gamawa, su sa hannu da shaida biyu. Guntun da aka zaɓa a raba shi biyu, rabi wajen kafinta, rabi cikin ɗakin Inna, don ranar da za a ce "ai shi ne wannan".

Ka saka maganar gado a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, ni kuwa ita ta fi tsaya mini. Rufi, bayi, yanzu kicin, duk a gidan mutum bakwai da mahaifiyarsu. Yau kowa na sa maka albarka. Ranar rabo, gidan za a yi wa kuɗi yadda yake a ranar, da gyaranka a ciki. In sadaka ka yi don Inna da 'yan'uwa, madalla, ka faɗa da bakinka kowa ya ji, ka kuma cire rai. In kuwa kana sa ran a lissafa maka, to tun yanzu a yi zaman iyali, da kawu ko baffa a wurin, a rubuta abin da ka kashe da abin da aka yarda a kai, kowa ya sa hannu. Ka tara rasit ɗin duk aiken da ka yi, ka ɗauki hotonsu, don tawadar irin takardun nan gogewa take. Ka kuma tambayi ƙanenka inda takardar filin take da sunan da ke kanta. In akwai abin da ke buƙatar sa hannunka a kotu ko ma'aikatar magajin gari, ofishin jakadancin Nijar na nan Burusel, ka je ka nemi yadda ake takardar wakilci, ka ba wanda ka amince da shi.

Ka kira kafinta yau ka ce ya yanko guntayen, kuɗin kuma su zauna hannun ƙanenka har 'yar'uwarka ta dawo da amsa. Ka gaishe mini da Inna.