Tambaya da Amsa: Dokar Mil 55 a Sa'a ta Amurka

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa ya ji Amurka ta taɓa kafa iyakar gudu guda ɗaya ga motoci a duk faɗin ƙasar. Yana so ya san dalilin kafa dokar, da kuma ko ta amfanar.

Amsa: Haka ne, sai dai tsimin man fetur ne ya haifar da ita. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin da aka gwabza a watan, lamarin da ya jawo dogayen layuka a gidajen mai. Ranar 2 ga Janairun 1974 Shugaba Richard Nixon ya rattaba hannu kan dokar da ta taƙaita gudu zuwa mil 55 a sa'a, wato kusan kilomita 89. Da yake jihohi ne ke da ikon tsara dokokin tuƙi, sai gwamnatin tarayya ta biyo musu ta aljihu: duk jihar da ta ƙi, ba za ta samu kuɗin ayyukan hanya daga tarayya ba.

Man da aka tsimanta bai taka kara ya karya ba, domin yawancin ƙiyasi bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Amfanin da ya fi fitowa fili shi ne raguwar mace-mace a haɗuran mota, daga kusan mutum 54,000 a 1973 zuwa kusan 45,000 a 1974. Ba dokar kaɗai ce ta jawo hakan ba, tunda ƙarancin mai ya sa jama'a rage tafiye-tafiye, amma a ganinmu ba za a hana ta rabonta ba, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo da nisan da mota ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita duk sukan ninka kusan sau huɗu.

Direbobi da yawa ba su bi dokar ba, musamman a jihohin yamma masu dogayen hanyoyi. Jihar Montana ma tarar dala 5 kacal ta sanya, bisa laifin ɓarnar makamashi, direba ya biya ɗan sanda nan take ya wuce abinsa. A 1987 majalisar dokokin Amurka ta yarda da mil 65 a manyan hanyoyin karkara, sannan a 1995 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu aka soke dokar baki ɗaya. Montana ta koma barin direba da kansa ya auna gudun da ya dace a lokacin rana, har kotun ƙolin jihar ta ce ƙa'idar ba ta fayyace komai ba, aka kafa mil 75 a 1999. Bincike da dama sun nuna mace-mace sun ƙaru a hanyoyin da aka ɗaga iyakar gudunsu.