Amsa ga mai cewa fim ɗin minti goma ba fim ba ne

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ƙanena, na saurari muryar da ka turo ɗazu, inda kake cewa fim in bai kai awa biyu ba talla ne kawai, wai ina minti goma zai isa ka san mutum har ka ji tausayinsa. To gaskiya ban yarda ba, kuma rubutu ba zai ɗauki abin da ke bakina ba, shi ya sa na danna murya. A yi mini haƙuri, za ta ɗan yi tsawo.

Na san inda maganarka ta samo asali. Mu fim ɗin Indiya muka buɗe ido muka gani, awa uku, waƙa kan waƙa, sai an haifi jarumi a gabanka, ya girma, ya yi soyayya, ya rama kisan babansa. Ni ma ina son su har gobe. Amma a Indiyar nan dai akwai wani mutumin Kalkata, Satyajit Ray, wanda ya yi wani ɗan fim a 1964, sunansa Two, bai kai kwata na awa ba, kuma babu wanda ya ce uffan tun daga farko har ƙarshe. Yara biyu ne. Ɗaya ɗan masu kuɗi, shi kaɗai a ƙaton gida, kayan wasa sun yi masa yawa. Sai ya jiyo sarewa daga waje, ya leƙa ta taga, ya hango ɗan talaka a gaban bukkarsu yana busa. Maimakon ya saurara, sai ya ɗauko ƙahonsa na kanti ya danne sarewar da ƙara. Wancan ya ɗauko ganga, wannan ya kunna birin wasa mai kiɗa. A haka a haka, har ɗan talakan ya saki takardar nan da ake ɗaura wa zare iska ta yi sama da ita. Ka ga fuskarsa a lokacin, wallahi kamar an ba shi duniya. Ɗan gidan ya gwada danƙo bai samu ba, ya koma ya ɗauko 'yar bindigarsa ya harbo ta. Ya juya cikin kayansa yana ganin ya gama da shi. Can sai sarewar ta sake tashi.

Na Iran kuma ba zan daɗe a kansa ba. Abbas Kiarostami, wanda daga baya ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1997, da fim ɗin kusan minti goma ya fara, a 1970, a wata cibiyar ilimin yara da ke Tehran. The Bread and Alley. Yaro ne aka aika sayen gurasa, kare ya tare masa lungu. Ya tsaya yana jiran babba ya zo ya bi bayansa, wani tsoho ya zo, ya bi shi, tsohon ya sha kwana kafin a kai wurin karen. Ƙarshe dai ya gutsiri gurasar ya jefa masa, karen ya raka shi har ƙofar gida yana kaɗa wutsiya. Duk wanda aka taɓa aika shi yana ƙarami ya san wannan tsayuwar, ba sai an yi masa bayani ba.

Amma wanda nake so ka fi natsuwa a kansa shi ne na Japan. Kunio Kato ne ya yi shi a 2008, zane ne mai motsi, minti 12, ya ci Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, a 2009. Sunansa da Japananci Tsumiki no Ie, an fi saninsa da sunan Faransanci, La Maison en Petits Cubes. Kar ka ji zane ka ce na yara ne, don Allah. Wani tsoho ne a garin da ruwa ya cinye. Duk lokacin da ruwan ya ƙaru, sai ya ɗora wani ɗaki a saman na da, ya kwashe kayansa ya hau. Gidan kullum yana ƙara tsawo, ɗakunan suna ƙara ƙanƙancewa, tun da shi kaɗai ya rage. Wata rana lofensa na shan taba ya suɓuce ya faɗa ta ƙofar da ke tsakar ɗakin, ya nutse. Sai ya nemo kayan nutso ya bi shi.

To a nan ne fa. Yana kai hannu zai ɗauki lofen, sai ya tuna ranar da ya faɗi a wannan ɗakin, matarsa ta sunkuya ta ɗauko ta miƙa masa. Ya riga ya samu abin da ya zo nema, amma ya kasa komawa sama. Ya buɗe ƙofa ta gaba ya ƙara yin ƙasa, ga gadon da ya yi jinyarta. Ya ƙara sauka, ga ranar da 'yarsu ta kawo wanda za ta aura. Ƙasa da nan tana jaririya. Har ya taka ƙasa, inda shi da matar suka yi wasa suna yara tun ruwa bai zo ba, suka ɗora tubalin farko da hannunsu. Kamar dai ka shiga gidan gado ka bi ɗaki ɗaki, kowane ɗaki da wanda ya rasu a cikinsa. Babu wanda ya buɗe baki ya ce ina kewar matata. Kuma da ya faɗa, da ya ɓata fim ɗin.

Abin da nake son ka gane ke nan. Dogon fim yakan ba ka komai a hannu, har lokacin da za ka yi kuka yakan sanar da kai da kiɗa. Gajere ba shi da wannan sararin, dole ya zaɓi abu ɗaya, sarewa ko gurasa ko lofe, ya bar maka sauran ka cike da naka. Shi ya sa mai kallo biyu ba za su fito da abu ɗaya ba. Wanda ya binne iyayensa, abin da zai gani a gidan tsohon nan daban ne da na saurayin da bai rasa kowa ba. Kuma ka lura, duka ukun ba mai buƙatar fassara. Mu da muka saba sai an juya mana fim zuwa Hausa, ga ɗan Indiya da ɗan Iran da ɗan Japan sun yi mana magana kai tsaye.

Masu sha'awar harkar fim a cikinmu, musamman ku da kuke cewa rashin kuɗi ne ya hana ku farawa, ku duba na Kiarostami da kyau: lungu ɗaya, yaro, kare.

Ku nemi sunayen yadda na faɗe su, zan kuma rubuto su a ƙasa. Ka sa abin kunne, don sauti ne rabin aikin, kuma kar ka ja shi gaba. In ka gama na Ray, ka turo mana murya ka gaya mana a cikin yaran nan biyu wa kake ganin ya ci. Sai na ji daga gare ka.