Malamai Na Tambaya: Waya Ɗaya, Yara 84, Babu Wuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamaren gwamnati a Funtua, yarana 84. An kai mu bita ta kwana uku aka yi ta nuna mana su Kahoot a firojekta, wallahi abin ya burge ni amma da na koma aji sai na rasa ta inda zan fara, babu wuta babu kwamfuta, wayata ce kawai Tecno ita ma data sai ƙarshen wata. Shin mu irinmu ba mu da rabo ne a wannan harkar? (Wata malama daga Funtua)

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, kuna da rabo mana, kawai dai abin da aka nuna muku ba don ajinki aka yi shi ba. Kahoot wasan tambaya da amsa ne na intanet, a Norway aka ƙirƙire shi, ya fito 2013, kuma an gina shi ne a kan cewa yara na riƙe da waya ko kwamfuta ga intanet ga babban allo mai wuta, to ke da kike da waya ɗaya me zai hana ki ji kamar an bar ki a tasha. Shawarata duk manhajar da aka tallata miki ki fara tambaya, shin za ta yi aiki da wayar malami kaɗai? In ba za ta yi ba ki ajiye ta tukuna.

Wadda na fi so ki gwada ita ce Plickers. Yaro ba ya buƙatar komai sai kati ɗaya na takarda mai wani baƙin zane kamar tambari, gefensa huɗu an rubuta A, B, C, D da ƙananan baƙaƙe. Kin rubuta tambaya a allo da alli kamar kullum, kowa ya juya katinsa amsar da ya zaɓa ta koma sama ya ɗaga, ke kuma ki tsaya a gaba ki zagaya kamarar wayarki daga wannan bango zuwa wancan, nan take za ki ga wa ya ce me. Zanen kowane kati daban yake da na maƙwabcinsa, don haka mai leƙe ba ya samun abin kwafa.

Ki ɗauka kin gama koyar da haɗa ɓangare, kin rubuta 1/2 + 1/4, A 2/6, B 3/4, C 1/8, D 2/4. A da in kika ce kun gane sai ajin ya amsa "eeeh Malama" da ƙarfi, 'yan benci na gaba su biyar su ɗaga hannu, shi ke nan a wuce. Yanzu kuwa sai ki ga wajen rabin ajin sun ɗaga A, kuma ba shirme suka yi ba, sun haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa ne. Kin ga kin kama ainihin inda cutar take tun kafin jarrabawa, sai ki yagi takarda ki ninke ta biyu ki sake ninkewa huɗu a gabansu su gani da idonsu. Har yarinyar nan ta can lungu da ba ki taɓa jin muryarta ba tun farkon zango, ranar za ki san abin da ke kanta, ni wannan ne ya fi taɓa min zuciya a cikin abin gaba ɗaya.

Amma ki sani katunan 63 ne iyakarsu, ke kuma 84 gare ki, sai ki haɗa su biyu-biyu kati 42, su yi shawara kafin su ɗaga, wannan gardamar da za su yi ma karatu ce. Ki je bizines santa sau ɗaya ki shigar da ajin a kwamfuta a buga miki katunan, ki manna su a kwali, kar a yi musu laminatin mai sheƙi don hasken taga na hana kamara karantawa. A Plickers na kyauta tambaya biyar ake sawa a jeri ɗaya, ya ishi darasi. Manhajar tana son ɗan netwok amma ba ta shan data kamar bidiyo. Ranar da caji ya ƙare kuma ki sa su rubuta harafin a bayan littafi su ɗaga, ki ƙirga da ido.

Na karatu kuma ki sauke African Storybook Reader, wata ƙungiya ce Saide a Afirka ta Kudu ta kafa shirin, akwai labaran yara da Hausa masu hotuna, in kin sauke littafi sau ɗaya ba sai da data ba. Akwai kuma Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta buɗe da UNICEF da Microsoft a 2022, darussa ne na manhajar karatunmu har da na Hausa, sai dai bidiyo na cin data, ki riƙa kallo a gida kina ɗaukar dabarar koyarwa.

Tambaya: Malam ni malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandare a Azare, ba mu da lab. Sannan ina amfani da ChatGPT wajen rubuta lesin not, wani abokin aikina ya ce ha'inci ne, ya kake gani? (Wani malami daga Azare)

Amsa: Malam batun lab ka nemi PhET, gwaje-gwajen kimiyya ne da ake kwaikwayonsu a waya ko kwamfuta, na Jami'ar Colorado ne a Amurka, Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks a 2001 shi ya fara shi a 2002, kuma kyauta ne. Ana sauke kowane gwaji a matsayin fayil ɗaya ya buɗe a burauza ba tare da intanet ba, har ka tura wa abokan aikinka ta Xender. Ka fara da na haɗa wayar lantarki, yaro ya ja batir da ƙwan fitila da yatsa ya haɗa ƙwan ya kama, ya ƙara batir ya ga haske ya ƙaru. Ka kira su rukuni-rukuni su takwas saura na aiki a littafi, daga baya ka kawo batir na gaske da ƙwan tocila su haɗa da hannunsu, don na waya ba ya maye gurbin na hannu.

Shi kuwa ChatGPT ni ban kira shi ha'inci ba matuƙar kai ne ke gyarawa, inda matsalar take shi ne ka kwafa ka kai wa mataimakin shugaba ya sa hannu ba ka karanta ba. Yana yin kuskure kuma ya faɗe shi da gadara kamar gaskiya, sau da yawa misalansa na dala da dusar ƙanƙara ne, Hausarsa ma takan karkace. Ka riƙe manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatun makarantunmu, a gefe, ka gaya masa ajin da yawan yaran da cewa minti 40 ne babu wuta, abin da ya ba ka ka bi shi layi-layi. Kuma don Allah kar ka zuba masa sunayen ɗalibai da makinsu ko hotunansu, amana ce iyaye suka ba ka.

Tambaya: Makin takardu na kashe ni, aji huɗu nake ɗauka, akwai dabara? (Wani malami daga Gusau)

Amsa: In tambayoyin zaɓi ne akwai manhajar waya mai suna ZipGrade, ka buga takardar amsa ta manhajar ka yi fotokwafi, yara su cike da fensir, ka saita amsoshin daidai sau ɗaya sai ka riƙa nuna wa kamara takarda ɗaya bayan ɗaya tana fitar da maki. Na kyauta takarda 100 ne a wata, ka ajiye shi don gwajin da ya fi yawa. Ka duba tambayar da yawancinsu suka faɗi, manhajar na nunawa, ita za ka maimaita ranar Litinin. Insha'i da lissafi mai nuna aiki kam Malam sai dai jan biro, Allah ya ba da lada.