Ɗana na gab da gama zaman horo a Texas: za su mayar da shi ajinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Houston. Ɗana mai shekara 15 ya yi faɗa da wani yaro a makaranta, aka tura shi makarantar ladabtarwa da suke kira DAEP na kwana 45. Saura mako biyu ya gama. Yayan babansa ya ce mu mayar da shi Kano kawai, wai yaron da aka taɓa rubuta wa laifi ba ya sake zama aji ɗaya da sauran yara, kuma takardar za ta bi shi har jami'a. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki kwantar da hankalinki, ba korar yaron nan aka yi ba. Mu da muka taso a gida mun saba idan aka ce yaro ya kwashe akwatinsa ya bar makaranta, shi ke nan, sai a nemi wata. Ina jin da wannan idon baffansa ya kalli lamarin. DAEP zama ne na wa'adi, wanda jihar Texas ta kafa tun 1995 a babi na 37 na dokar iliminta. Wa'adi na cika, yaro zai koma makarantarsa.

A 2019 majalisar jihar ta ƙara wata doka, HB 2184, wadda ta zama sashe na 37.023, kuma ita ce ta fi shafar ku. Da zarar an san ranar sallamar yaro, wajibi ne shugaban makarantar ladabtarwar ya sanar da ke a rubuce, ya sanar da makarantar da zai koma, ya kuma aika musu bayanin inda karatunsa ya kai da sakamakon gwaje-gwajen da aka yi masa. Ita kuma makarantarsa ta asali an ba ta kwanakin karatu 5 kacal daga ranar sallama ta tsara komawarsa. Ba shugaban makaranta kaɗai zai yanke ba. Sai ya ji ta bakin mai ba ɗalibai shawara, da jami'in kula da ɗa'a, da malaman da za su koyar da shi, a fito da tsari na wannan yaron shi kaɗai: wane aji ya fi dacewa da shi, yana buƙatar ƙarin darasi ko nasiha, yaushe za a riƙa duba ci gabansa. Dokar ta ce a zauna da iyaye idan hali ya yi.

To, a wannan "idan hali ya yi" ɗin gizo ke saƙar. Sashen bai faɗi hukuncin makarantar da ta yi sakaci ba, don haka abu ne mai sauƙi a cike fom a jefa cikin fayil, yaro ya shigo ranar Litinin a miƙa masa jadawali, a ce an yi tsari. Kada ki jira a kira ki. Cikin makon nan ki tura wa shugaban makarantar imel, layi uku ya isa: ranar da yaron zai dawo, kina neman zama kan tsarin komawarsa bisa sashe na 37.023, kuma kina son kwafin tsarin. Maganar baka a bakin ƙofa iska ke ɗauke ta, imel kuwa yana da kwanan wata. Idan Turancin ofis yana ba ki wahala, ki nemi tafinta ko ki tafi da wanda kika yarda da shi.

Abin da ya fi damuna ba takardar laifin ba ce, karatun da ya wuce shi ne. Doka ta ɗora wa DAEP koyar da Turanci, lissafi, kimiyya, tarihi da kamun kai, amma ba dole ba ne ta koyar da duk darasin da yaro ke ɗauka. Ki ƙaddara yana koyon Sifaniyanci. Kwana 45 na karatu mako tara ne, kusan rabin zango. Zai dawo ya zauna a kujerarsa, malama ta ce a buɗe babi na bakwai, shi kuwa a na huɗu ya tsaya. Yaro mai shekara 15 ba zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Zai kifa kai a tebur ko ya tsokani na kusa da shi, sai ga shi a ofis kuma. Wani bincike da aka fitar a 2011, wanda ya bi ɗaliban Texas kusan miliyan ɗaya, ya gano kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka taɓa dakatarwa ko kora sun maimaita aji, alhali a sauran ɗalibai kashi 5 ne. Saboda haka a zaman ki tambaya, darasi bayan darasi, wanne ya rasa kuma ta yaya zai cike. Hakkinsa ne a ba shi damar kammala darussan kafin sabuwar shekarar karatu, ko ta intanet ko a karatun hutun bazara, kuma ba za a karɓi ko sisi a hannunku ba. Aƙalla kiredit 22 (makin da ake ba ɗalibi kan darasin da ya kammala ya ci) ake nema kafin a gama sakandare a Texas, kowanne yana da daraja.

Ki kuma ɗago maganar ɗayan yaron. Kada a haɗa su aji ɗaya ko lokacin cin abinci ɗaya idan ana iya kaucewa. Sannan idan wani malami ne da kansa ya fitar da ɗanki daga ajinsa, doka ta ba shi ta cewa kan komawar yaron wannan ajin, sai a iya sauya masa malami. Wannan bai hana shi komawa makarantar ba.

In kin daɗe kina zargin yana da wahalar karatu ko ta nutsuwa, yanzu ne lokacin neman a gwada shi, shi ma a rubuce. Iyayenmu da yawa suna gudun wannan don kada a ce ɗansu yana da taɓuwa. Ni ban ga abin kunya ba, kuma yaron da aka tabbatar yana da buƙata ta musamman yana samun ƙarin kariya a dokar tarayya kafin a sake cire shi daga aji fiye da kwana 10.

Batun takarda kuwa, baffansa yana da 'yar gaskiya: tana cikin fayil ɗinsa, kuma idan kuka sauya gundumar makarantu kafin wa'adin ya cika, umarnin zai bi shi, sabuwar makarantar na iya ƙarasa horon. Amma dokar tarayya ta FERPA, ta 1974, ta ba ki ikon ganin fayil ɗin cikin kwana 45 da nema, ki buƙaci a gyara kuskure, in an ƙi ki sa bayaninki a ciki. Fom ɗin neman shiga jami'a na Common App, da ɗaruruwan jami'o'i ke amfani da shi, ya cire tambayar laifin makaranta daga babban sashensa tun 2021, ko da yake wata jami'ar na iya tambaya da kanta. In an tambaya, ya faɗi gaskiya.

Zuwa Kano shawara ce ta iyali, ba zan sa baki ba. Sai dai in za a yi, a bar shi ya gama makonni biyun nan, ya kammala zangon, ku karɓi takardar sakamakonsa cikakkiya tukuna.