Amsoshin Tambayoyinku: Sauya Jami'a Domin Digirin Koyar da Kiɗa da Waƙa

Tambaya: Wani matashi daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim ta Jihar Jigawa ya rubuto cewa yana aji biyu a jami'a, inda yake karanta Hausa haɗe da ilimin koyarwa, amma hankalinsa yana kan kiɗa da waƙa, kuma yana so ya koma inda zai sami digirin koyar da wannan fanni. Yana tambaya wace makaranta ya kamata ya zaɓa, kuma ko karatun da ya riga ya yi zai tashi a banza.

Amsa: Ƙanena, kada ka fara da sunan jami'a, ka fara da sanin ajin da za a ajiye ka. Karatun kiɗa hawa-hawa yake: ana farawa da karanta rubutun kiɗa, da horar da kunne ya bambance sautuka, da koyon fiyano, kuma ba a tsallake darasin shekarar farko a kama na biyu. Saboda haka ko sakamakonka yana da kyau, akwai yiwuwar sabon sashen ya karɓi darussan ilimin koyarwa da na bai-ɗaya da ka ci, amma ya mayar da kai baya a darussan kiɗa. Ka nemi shugaban sashen da ofishin ɗaukar ɗalibai su faɗa maka a rubuce ajin da za ka shiga da darussan da za a yafe maka, domin maganar baki ba ta da amfani ranar rajista. Kada ka janye daga makarantarka ta yanzu sai takardar karɓa ta zo hannunka kuma sauyin ya bayyana a bayananka na JAMB, don da shi ake tantance masu zuwa hidimar ƙasa. Ka kuma lissafa shekarunka: wanda ya haura 30 lokacin da ya kammala digiri takardar yafewa ake ba shi a maimakon hidimar.

Game da wuri, tsofaffin sassan kiɗa a Kudu suke. Na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wanda aka buɗe a 1961, shi ne na farko a ƙasar, sannan akwai na Ile-Ife, da Uyo, da Awka, da Abraka. Wanda ya fi kusa da kai shi ne na Jami'ar Jos. A Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya akwai sassan wasan kwaikwayo da fasahar dandali, inda kiɗa yake shigowa, sai dai wannan digiri daban ne da wanda kake nema. Nisan ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan manomi, domin kuɗin mota sau da yawa a shekara, da haya, da abinci, da rashin hannunka a gona da damina duk suna cikin kuɗin makarantar, ko da ba a rubuta su a takardar biya ba. Idan jami'ar ta gwamnati ce, kana iya neman lamunin karatu na asusun gwamnati na NELFUND da aka fara a 2024.

Ka bambance digiri biyu da ake yawan rikita su. Akwai na kiɗa zalla, akwai kuma na koyar da kiɗa, wanda yake haɗe da darussan tsangayar ilimi da aikin koyarwa na gwaji. Na biyun ne yake kai ka kai tsaye ga rajista da hukumar malamai ta TRCN, mai na farkon kuwa sai ya ƙara da difloma ta koyarwa bayan digiri, wato PGDE. Ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da shi kansa kwas ɗin, ba jami'ar kaɗai ba. Idan da hali ka je da ƙafarka ka ƙirga fiyano nawa ne suke aiki, ka tambayi ɗaliban aji uku ko ana ba su lokacin atisaye, ka kuma tambaya ko za a karɓi gurmi ko kalangu a jarrabawar gwaji ta shiga, tunda sassan kiɗa sukan saurari mai nema kafin su ɗauke shi.

Ra'ayina shi ne ka yi dogon nazari kafin ka saki Hausar. A makarantun firamare da ƙananan sakandare kiɗa yana zuwa ne cikin darasin al'adu da fasaha, kuma gurbin malamin kiɗa zalla yana da wuyar samu a karkararmu, ga shi har yanzu wasu iyaye ba su raba karatun kiɗa da roƙo ba. Idan abin da yake jan ka shi ne waƙar baka da tarihin makaɗan fada, wannan nazari yana nan a sassan harsunan Najeriya, kuma kana iya ƙarasa digirinka ka rubuta kundinka a kai. Idan kuwa rubuta kiɗa da koyar da yara kaɗa kayan kiɗa kake so, to sauyin ya cancanta, ko da zai ci maka shekara guda.

Tambaya: Wani uba daga yankin Ɗambatta yana tambaya ko ya sayar da buhunan gero ya saya wa 'yarsa fiyano kafin ta tafi karatu.

Amsa: Alhaji, a dakata har ta yi zangon farko, malamanta su faɗa mata abin da ake buƙata. In lokacin saye ya yi, ƙaramin fiyanon lantarki mai maɓallai 61 ya isa mai koyo, ko da yake cikakken yana da 88. A nemi wanda sautinsa yake ƙaruwa ko raguwa gwargwadon ƙarfin dannawa, kuma mai aiki da batir saboda hutun da za ta riƙa yi a gida inda wuta ba ta tsayawa. Na hannu na Yamaha ko Casio ba laifi, muddin an danna kowane maɓalli a gaban mai sayarwa kafin a biya.