Amsar maigida ga yaron gareji a kan tambayar waya ciwon mota

Abu biyu ka haɗa ka tambaye ni, yaro. Na ɗaya, ko na yarda ka riƙa tambayar ChatGPT matsalar mota kafin ka sa hannu. Na biyu, in har waya za ta iya faɗin ciwon mota, to me ya rage wa wanda ya ɓata ƙuruciyarsa yana koyon kanikanci. Ajiye sifanar nan tukuna ka saurara.

Na yarda, ba na cikin masu cewa a hana. Mu da muka buɗe ido a kan Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da kunne da sukudireba muke saita kafireta. Da motoci masu injekta da birenbos, wato kwamfutar mota, suka cika gari, ogogi da yawa suka ce su ba za su riƙe na'urar gwaji ba, wai aikin yara ne. Ai kuwa aikin ya koma hannun yaran da 'yan rewaya, su kuma aka bar su da canjin birki da juyen baƙin mai. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai tsaya gardama da ƙirƙirarriyar basira ba. Sai dai a garejina akwai yadda za ta shigo.

Fara bambance ta da sikana, don na ga kuna cakuɗa su. Sikana a jikin mota ake jona ta, a soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tun 1996 Amurka ta wajabta shi a kan motocin da ake sayarwa a can, Turai ta biyo baya da masu fetur a 2001, shi ya sa kusan duk motar Kwatano da ta shigo nan za ka same shi. Abin da sikana ta nuna maka daga bakin motar ya fito. Ita kuwa wadda ke cikin wayarka, ChatGPT ce da ta fito a ƙarshen 2022, ko Gemini, ko Meta AI da ke cikin WhatsApp, ba ta taɓa motar ba. Rubutu ta haddace, mai yawan gaske, na littattafan gyara da hirarrakin kanikawa da masu motoci, galibi da Turanci. Daga nan take harhaɗo maka amsar da ta fi kama da daidai.

Wannan kuwa ba ƙaramin amfani ba ne. Ka ba ta lambar matsala irin wadda sikana ke nunawa, kamar P0171, nan take za ta ce iska ta fi fetur yawa a cikin injin, ta jero maka inda ake zargi: tiyo ya tsage yana shan iska, sansar iska ta yi datti, famfon mai ya yi sanyi, ko nozul sun toshe. Da can sai ka yi sammako wurin wani oga ka jira ya ga dama. Tana fassara maka Turancin littafin gyara, kuma in motar da ba mu taɓa buɗewa ba ta shigo, tana rage mana lalube.

To amma motar da ta sani ita ce mota yadda kamfani ya ƙera ta, mai shan man da aka rubuta mata, mai zuwa sabis a kan lokaci. Dubi abin da ke shigo mana nan. An cire indomi, wato matatar hayaƙi, daga salansa an sayar tun a hannun mai ita na farko. An cire tamostat mai daidaita zafin injin an jefar, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa tun daga tayar da mota. An sauke injin an ɗora wani wanda ba su jitu da birenbos ɗin ba. Wayoyi kuwa an yanka an ɗaure da salatif har ba ka gane launin asali. Ka ba ta P0420, za ta ce indomin ya gaji ko sansar salansa ta lalace, kai kuma ka tura mutum kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ya sayo sansa, alhali bututun wayam yake. Ka ba ta P0128, za ta ce tamostat ya maƙale a buɗe, ba ta san babu shi a motar gaba ɗaya ba. Haka a watan Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai methanol fiye da kima, motoci suka yi ta shaƙewa. Wanda ya fara ganewa shi ne wanda ya tambayi direba inda ya sha mai, ya zuba a kwalba ya duba. Ƙurar hunturu da ke toshe filtar iska cikin ɗan lokaci ma, sai ka gaya mata da bakinka. Abin da ba ka leƙa ka gani ba, ba za ka iya faɗa mata ba, ita kuma ba za ta sani ba.

Aibinta da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ta cika cewa ba ta sani ba. Gaskiya da kuskure duk da murya ɗaya take faɗinsu, cikin natsuwa, a jere tsaf. Inda wannan ke kashe injin shi ne wajen lambobi. Awon ɗaurin kusoshin kan silinda, yawan baƙin mai, irin man giyabos, duk suna canzawa daga injin zuwa injin, wani lokaci daga shekara zuwa shekara a mota iri ɗaya. Ga kuma awo kashi biyu, na Amurka da na sauran duniya: ɗaya na fam-ƙafa ya kai kusan 1.36 na nuton-mita. In ta ba ka lambar wancan ka saita a wannan, ko gasket ya ƙone ko kusa ta tsinke a cikin bulok. Don haka duk lambar da za ta hau kan sifanar awo, sai an gan ta a littafin motar ko a takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet. A nan babu sassauci.

Ga tsarin da za mu bi. Mota ta shigo, wayarka na aljihu. Ka saurari mai ita, ka tayar da ita ka ji, ka duba hayaƙi, ka zaro ma'aunin baƙin mai, ka sa mita a batir: lafiyayye yana wajen bolt 12.6 a kashe, in inji na aiki ya haura 13.5 zuwa 14.5. Sannan ka zo ka faɗa mini abin da kake zargi da dalilinka. Bayan nan ka jona sikana, sai a ƙarshe ka tambayi waya, mu ga inda kuka haɗu da inda kuka rabu. Na sa ta a ƙarshe ne saboda kai, ba saboda motar ba. Yaron da aka fara ba shi amsa ba ya koyon nemanta, kuma ranar da babu data ko caji sai ya tsaya yana kallon injin kamar baƙo a tasha.

Kuma ko ku ukun kun yi ittifaƙi, kai da sikana da waya, ba a sayen kaya sai an gwada. Ɗauki P0301, wato silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Waya za ta ce kwail, ko fulogi, ko nozul, ko matsin silindar ya ragu. Rago sai ya ce a sayo kwail huɗu da fulogi huɗu. Kai kuwa ka cire kwail na ɗaya ka musanya shi da na biyu, ka goge lambar, ka tayar. In ta dawo P0302, ciwon ya bi kwail, shi kaɗai za a saya. In ta tsaya a P0301, kwail ba shi da laifi, ka musanya fulogi haka nan, sannan nozul, sannan ka auna matsi. Ko sisin mai mota ba a taɓa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutum da ƙyar yake zuba fetur, ba zai yafe maka kayan da ka sa ya saya a banza ba.

Za ka kuma fara ganin masu mota suna zuwa da amsarsu a hannu, wani ma ya karanto maka daga wayarsa. Kada ka ji haushi, kada ka yi masa dariya. Ce masa, "Alhaji, mai yiwuwa ne, bari mu gwada a gabanka." In ya yi daidai, aiki ya zo da sauƙi. In bai yi ba, ya gani da idonsa. Amma kada ka canza wani abu don kawai ya nace, domin in motar ta dawo, ba wayar zai zo nema ba, sunan garejin nan zai kira a majalisa. Amsar tambayarka ta biyu ke nan: gwaji da ɗaukar alhaki suna nan a wuyanmu, kuma su ake biya.

Lambar motar mutane da lambar wayarsu ba sa shiga cikin tambayarka; samfurin mota, shekara, irin injin da alamun ciwo sun isa. Motoci masu haɗin batir da fetur irin su Prius kuwa, batirinsu ya haura bolt 200, wayoyinsa ruwan lemo ne. Ko waya ta zayyana maka yadda ake kwancewa daki-daki, ba ka taɓa su sai ina tsaye.

Waccan Corolla da ke rawa in an tsaya, kai za ka fara dubanta gobe in Allah ya kai mu. Ka zo mini da zarginka kafin ka jona komai.