Wardina na ƙonewa a tsakar gida, an ce in fesa masa fiya-fiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kano, tsakar gidana ƙarami ne kuma duk siminti. A watan Nuwamba na sayi dashen wardi mai aure, irin mai babban fure ɗaya a kan kowane reshe, ruwan hoda, mai ƙamshi sosai. Da hunturu ya yi fure gwanin sha'awa. Tun shigowar Maris ganyen ya fara ɗige-ɗige, ya koma kamar an barbaɗa masa toka, yana zubewa, ga wata siririyar saƙa a ƙarƙashinsa. Furen ya ƙanƙance, ƙamshin ya tafi. Mai sayar da fulawa ya ce in zuba fiya-fiya murfi biyu a ruwa in fesa. Na fesa sau biyu, abin sai gaba yake. Ina da yara ƙanana, kuma nakan busar da furen in sa a shayi. In ƙara maganin ne, ko shukar ta mutu ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Shukarki ba ta mutu ba. Kankare bayan reshe kaɗan da farce, in kin ga kore, tana da rai kuma za ta farfaɗo. Amma kafin komai, kada ki sake fesa wannan maganin, kuma duk furen da kika tsinka bayan feshin ki zubar da shi inda yaro ko akuya ba za su kai ba. Kada ya shiga shayi, kada ya shiga turare ko humra.

Abin da ke cin ganyen ƙananan jajayen gizo-gizo ne, waɗanda da ƙyar ido ke ganinsu. Riƙe farar takarda a ƙarƙashin ganye ki kaɗa shi, za ki ga ɗigo-ɗigo kamar garin barkono suna tafiya. Suna zama a bayan ganye suna tsotse ruwansa, kuma ba abin da suke so irin zafi da bushewar iska da ƙura, wato daidai Kano daga Maris zuwa Mayu. A irin wannan zafi, daga ƙwai zuwa babba mai yin nasa ƙwan bai fi mako ɗaya ba.

To a nan ne batun fiya-fiya ke ɓata rai. Ya zama al'ada, duk abin da ya samu shuka a gida, ko darɓa ce, ko tsatsa, ko ƙishirwa ma, sai a ce "a fesa fiya-fiya". Mai sayarwa bai juya ganyen ya duba ba, bai tambayi ko akwai yara a gidan ba, ya faɗi "murfi biyu" kamar wanda ya auna. Murfin wace kwalba? A ruwa lita nawa? Abin da ake ɗurawa a tsofaffin kwalabe ana yawo da shi a kasuwa ba shi da takarda, ba wanda ya san ƙarfinsa, wasu ma har kananzir suke haɗawa, kuma kananzir kaɗai ya isa ya soya ganyen wardi a ranar bazara. Gubar da aka fi samu a ciki ita ce dichlorvos. Tana iya kashe wasu manyan gizo-gizon da ta taɓa, amma ba ta gamawa da ƙwansu, kuma nan da nan take bin iska. Waɗanda take sharewa tas su ne ƙananan ƙwarin da Allah Ya sa suke cin gizo-gizon. Bayan 'yan kwanaki ƙwai ya ƙyanƙyashe, ba mai cin su, sai su ninka. Abin da kika gani ke nan bayan feshi na biyu, kuma in kin ƙara murfi na uku haka za a sake yi, sai dai ganyen ya ƙara ƙonewa.

Wannan duk asarar shuka ce, ana iya sayen wata. Abin tsoron shi ne mutanen gidan. Wannan guba tana shiga jiki ta fata da ta numfashi, ba sai an sha ba. Tsakar gida mai katanga huɗu ba gona ba ce: nan ake shanya, nan ake wanke-wanke, nan randa take, nan yaro ke rarrafe ya dafa siminti ya kai hannu baki. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da ya ci, amma har yau ga shi a teburin mai kayan koli kusa da alawa. Alamun ta kama mutum su ne dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya yi wuya. In haka ta faru, a cire kayan jikinsa, a wanke fata da sabulu da ruwa mai yawa, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti a take. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. Manja ba ya karya wannan guba, kuma ɗura wa wanda numfashinsa ke sarƙewa na iya tura abin cikin huhu. Akwai allurar da ke ceton rai, amma a asibiti take, kuma lokacin da aka ɓata ana neman manja shi ne lokacin da ake buƙata. Don Allah duk wanda ke sana'ar fulawa ya ji tsoron Allah a kan wannan shawara da yake bai wa matan gida.

Maganin gizo-gizon na farko ruwa ne. Tsinke ganyen da ya riga ya bushe, ki share wanda ya zuba, ki fitar da shi daga gidan. Da sassafe ki watsa ruwa da ƙarfi ta ƙasan ganye, da tiyo ko famfon feshi mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar guba ba. Yi haka duk bayan kwana biyu har mako uku. Naci ne ke aiki, domin kowane wanki yana kama waɗanda suka ƙyanƙyashe bayan na baya. Sau ɗaya a mako ki bi da ruwan darbejiya: daka ƙwayar 'ya'yan busassu giram 50, kamar cikin tafin hannu biyu, ki jiƙa a lita ɗaya ta kwana, ki tace da ƙyalle, ki ɗiga sabulun ruwa kaɗan don ya kama ganye. Da yamma ake fesa shi, bayan rana ta yi sanyi. Farar wuta tana kashe gizo-gizon, amma a zafin da ya haura digiri 30 tana ƙona ganye, don haka ba ta bazara ba ce. In mako uku ya wuce ba sauƙi, a je shagon kayan gona mai rajista a nemi maganin da aka yi don gizo-gizo, irin mai sinadarin abamectin, a bi awon da ke jikin takardarsa, a fitar da tukunyar nesa da yara, kuma furen ya zama na kallo kawai.

Ƙanƙancewar fure da tafiyar ƙamshi kuwa aikin zafi ne. Wannan jinsi, wanda masu sana'a ke kira Hybrid Tea, ya samo asali ne daga Faransa, inda aka fitar da La France a 1867, ita ma ruwan hoda ce mai ƙamshi. Shi ya sa ya fi sakewa a Jos mai tsayin kusan mita 1,200. A Kano, rana mai digiri 40 tana buɗe furen kafin ya cika, ta kwashe man ƙamshin kafin hantsi. Matsar da tukunyar gindin katangar da ke samun rana daga safe zuwa sha ɗaya ko sha biyu, inuwa ta rufe ta da azahar. Ɗaga ta daga siminti a kan bulo biyu. In baƙar roba ce, saka ta cikin babbar tukunyar ƙasa ko ki naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara, don saiwa tana dahuwa a baƙar roba. Tukunyar ta kai santimita 40 zuwa 45 faɗi da zurfi, da huji a ƙasa. Ban ruwa kullum da safe har ya fito ta hujin, a gindi. Rufe saman ƙasar da buntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa kaurin yatsa biyu, kada ya taɓa kara, kuma ki riƙa ɗagawa kina duba gara.

Yanzu kada ki ba ta takin zamani, kada ki yi mata aski. Shukar da ta rasa ganye ba ta iya ɗaukar taki, gishirinsa ƙona saiwa yake. Duk kan furen da ya fito a Afrilu ki tsinke shi tun yana ƙarami, ƙarfin ya koma ga ganye. In sabon toho ya kankama, sai takin NPK 15-15-15 cokalin cin abinci ɗaya, a zagaye bakin tukunya nesa da kara, a bi da ruwa, duk bayan mako biyar ko shida. Ɗanyen kashin kaji bai dace ba sai ya ruɓe sarai.

Ki sa ido a kan gaɓar auren, wato kumburin da ke gindi. Shukar da ta wahala takan fitar da reshe mai ƙarfi daga ƙasan gaɓar, mutane su yi murna ta farfaɗo, alhali na uwar gindin ne, ba zai ba ki furen da kika saya ba, kuma zai shanye na saman. Tona ki fizge shi daga inda ya tsiro.

Babban aski sai damina ta ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba. Bar rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, ki rage kusan rabin tsayinsu, ki yanka a karkace kaɗan a saman idon toho da ke kallon waje. Bayan mako shida zuwa takwas furen zai buɗe cikin sanyin Disamba, kuma da sassafe za ki fi jin ƙamshinsa.